Haɗa Kwamfutoci da Waya: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mana a Zariya

Waɗannan tambayoyi ne da masu shagunan kwamfuta a Samaru da Kongo, da shugabannin makarantu, da masu ɗakunan shan magani, da ɗalibai masu son koyon sana'ar suke ta maimaita mana. Mun tattara su wuri guda domin wanda zai kashe kuɗinsa ya san abin da yake saye kafin a toshe bango da siminti.

Mene ne wannan haɗin waya da ake ce wa LAN ko Ethernet? Shi ne intanet?

A'a, ba shi ba ne. LAN shi ne haɗa na'urorin da ke wuri ɗaya, ofis ko makaranta ko gida, su riƙa magana da juna: kwamfuta ta aika wa firinta takarda, kyamarar tsaro ta aika hoto zuwa na'urar ajiya, akawu ya buɗe fayil ɗin da ke kan kwamfutar manaja. Duk wannan yana yiwuwa ko babu datar ko sisi. Ethernet kuwa shi ne sunan ƙa'idar da kusan duk duniya ke bi wajen yin wannan haɗi da waya. Intanet daga waje yake shigowa, ta hannun kamfanin da kake biya, sannan LAN ɗinka ya raba shi ga na'urorinka.

Yaushe aka fara shi?

A shekarar 1973, a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Kalifoniya ta Amurka, Robert Metcalfe da abokin aikinsa David Boggs suka ƙera shi. Gudunsa na farko bai kai megabit 3 a daƙiƙa ba. A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fitar da na megabit 10, daga baya ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta karɓi ragamar ƙa'idar a ƙarƙashin lamba 802.3. Irin wayar da muke ja yau, mai silli a murɗe, ta samu shiga a 1990. Megabit 100 ya zo a 1995, gigabit, wato megabit 1000, a kan wayar jan ƙarfe a 1999, gigabit 10 a kan faiba, wato wayar zaren gilashi, a 2002, a kan jan ƙarfe kuma a 2006. Abin burgewa a nan shi ne, ramin da ake soka wayar bai canza siffa ba tun daga 1990 ɗin nan. Tsohuwar kwamfuta da sabuwa suna iya haɗuwa, su daidaita a kan gudun da ƙaramar cikinsu za ta iya ɗauka.

Malam, ga Wi-Fi ko'ina, me zai sa in wahalar da kaina da jan waya?

Wi-Fi yana da ranarsa, babu mai musun haka. Wayar hannu ba ta da ramin kebul. Amma iska ɗaya ce kowa ke rabawa. Na'urori ashirin da ke kan akwatin Wi-Fi guda layi suke bi, ɗaya ta yi magana sauran su saurara, kuma na maƙwabcinka ma yana cikin wannan cunkoso. A zangon Wi-Fi na gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kacal ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. Ka je layin shagunan da ke daura da babbar ƙofar jami'a a Samaru ka buɗe wayarka ka ƙirga sunayen Wi-Fi da za su fito, za ka gane dalilin da ya sa abin yake nauyi da rana tsaka.

Sannan ga gini. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen cikin birni tana shanye sigina, haka rufin siminti mai rodi, haka ƙofar ƙarfe. Zangon gigahaz 5, wanda ya fi sauri, shi ya fi kasa ratsa bango.

Waya kuwa kowace na'ura da tata. Aikawa da karɓa suna tafiya lokaci guda, babu jiran wani. Gudun da ka samu da safe shi za ka samu da yamma. Shawarar da muke bayarwa kullum ita ce: duk abin da ba ya motsi daga mazauninsa, kamar kwamfutar tebur, firinta, kyamara, saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), talabijin, a ja masa waya. A bar wa wayoyin hannu da laftof iska, su ma sai su samu sarari.

Idan na ja wayar gigabit, intanet ɗina zai ƙara gudu?

Ba zai wuce abin da kake biya ba. In megabit 20 kamfani yake ba ka, 20 ɗin za ka gani. Abin da waya za ta yi shi ne ta hana ashirin ɗin zubewa a hanya tsakanin rauta, wato akwatin da ke shigo maka da intanet, da kwamfutarka, ta kuma rage yankewar murya a taron bidiyo. Inda za ka ga gigabit da idonka shi ne aikin cikin gida, kamar kwafar manyan fayiloli daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

An ce mini gigabit ne, wato 1000, amma in ina kwafar fayil 110 nake gani. An cuce ni ne?

Ba a cuce ka ba, hasali ma aikinka ya yi kyau. Gudun waya da bit ake auna shi, girman fayil kuma da bayit, kuma bit takwas ne bayit ɗaya. Raba 1000 gida takwas, ka samu megabayit 125 a daƙiƙa. Cire abin da adireshi da alamomin duba kuskure suke ci a jikin kowane ƙunshin saƙo, sai ya rage 110 zuwa 118. Bidiyon biki mai gigabayit 4 zai wuce cikin abin da bai kai daƙiƙa 40 ba. Wanda ke ganin 11 maimakon 110, shi ne ya kamata ya tashi tsaye, domin haɗinsa ya faɗo megabit 100, kuma bidiyon nan zai ci masa kusan minti shida.

Cat5e, Cat6, Cat6A: wanne zan saya?

Waɗannan matakan ingancin waya ne. Dukansu silli takwas ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu, tagwaye huɗu. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ne yake sa hayaniyar lantarki da ta faɗa kan silli ɗaya ta faɗa kan ɗan'uwansa daidai wa daida, na'urar da ke karɓa ta soke ta. Bambancin matakan yana ga tsananin murɗin da kaurin jan ƙarfen da yadda aka raba tagwayen.

Cat5e yana ɗaukar gigabit har mita 100. Cat6 ya fi shi kauri, galibi da ɗan roba mai siffar giciye a tsakiya, yana ɗaukar gigabit cikin sauƙi, yana kuma iya gigabit 10 in tsawon bai wuce mita 55 ba. Cat6A shi ke kai gigabit 10 har mita 100, amma yana da tauri, yana da tsada, yana cika bututu, kuma ba kowane mai aiki ne ya iya haɗa shi ba.

Ga shago ko gida ko ƙaramin ofis, Cat6 na gaske ya wadatar har ya yi saura. In aljihu bai kai ba, Cat5e na gaske ya fi Cat6 na jabu nesa ba kusa ba. Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka, ko Cat7 aka rubuta ko Cat8. Tambayar farko ita ce da wane ƙarfe aka yi sillin.

To yaya zan gane ta jabu?

Nan ne mafi yawan kuɗin mutane yake salwanta, don haka bari mu tsaya a kai.

Ƙa'ida ta ce sillin ya zama jan ƙarfe zalla. Amma kasuwa cike take da wayar da cikinta alminiyam ne, aka yi masa fenti siriri na jan ƙarfe a baya. Masu gaskiya daga cikin masu yin ta suna rubuta CCA a jikin kwalin, wasu kuwa ba sa rubuta komai. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke wucewa da ita yake iya wucewa da ita, ga shi da saurin karyewa in an lanƙwasa, ga shi yana yin tsatsa fara a inda haƙoran kan robar da ake matsewa a bakin waya suka cije shi. Illar ita ce ranar da aka gama aiki komai zai yi daidai. Za a gwada, fitila ta kama, a biya mai aiki, kowa ya tafi yana murna. Bayan damina ɗaya sai ka ji wannan kwamfuta tana yankewa, waccan kyamara tana mutuwa da dare, alhali wayar tana cikin bango an shafe ta da filasta.

Kafin ka biya kuɗin kwali, ko a Sabon Gari ne ko PZ ko Kaduna aka aiko maka, roƙi mai shago ya yanko maka kamar tsawon yatsa. Feɗe rigar, zaro silli ɗaya, cire robarsa, ka kankare shi da reza. Na gaske ja ne har cikinsa, duk zurfin da ka kankara. Na jabu kuwa da ka ja reza sau biyu sai fari ya bayyana yana ƙyalli. Ko ka kunna leta ka ɗora bakin sillin a kan harshen wutar: jan ƙarfe zai yi ja ya yi baƙi amma yana nan a miƙe, alminiyam kuwa nan da nan zai langaɓe ya lanƙwashe. Ka kuma ɗaga kwalin. Cikakken kwali mita 305 ne, kuma na jan ƙarfe yana da nauyin da hannu zai shaida. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ka yi tambaya. A jikin rigar akwai lambobin mita da aka buga, duba ta farko da ta ƙarshe ka tabbata tsawon ya cika.

Mai shagon da ya san kayansa ba zai ji haushin wannan gwaji ba. Kuma ni a ganina, in za a rage kuɗi a wani wuri, a rage a suwic, wato akwatin da wayoyin suke haɗuwa a cikinsa, don shi ana sauya shi cikin minti biyar. Wayar da ke cikin bango sai an fasa gini.

Iya ina waya ɗaya za ta kai?

Mita 100 daga suwic zuwa na'ura. Yadda aka tsara shi, mita 90 a cikin bango ko silin, sauran goma kuma na gajerun wayoyin da ke kai wa tebur da akwatin suwic. A auna hanyar da wayar za ta bi da hawa da sauka da kwana, ba tazarar da ido ke gani ba. In wuri ya fi haka nisa, a sa wani suwic a tsakiya ko a koma faiba. Ƙulla waya biyu da salatif ba gyara ba ne.

Ina koyon matse kai. Mene ne jerin launukan?

Jeri biyu ne aka amince da su, T568A da T568B, kuma na biyun ne ya fi yawa a wurinmu. Riƙe kan, ƙarafunansa suna kallonka suna sama, ƙugiyar tana baya, ka jera daga hagu: fari mai ratsin lemu, lemu, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka za ka yi a ɗaya bakin ma.

Lura da yadda kore ya rabu, ya sa shuɗi a tsakiya. Yara masu koyo sukan ga kamar ai duk jerin da aka yi, muddin baki biyun sun yi daidai, shi ke nan. Ƙaramar testa ma za ta nuna musu fitilu takwas suna bin juna lafiya lau. Amma silli na 3 da na 6 dole su kasance tagwaye ɗaya masu murɗi tare. In aka raba su, a gajeriyar waya ba za a lura ba, a doguwa kuwa saƙo zai yi ta lalacewa ana sake aikawa.

Wajen aikin hannu: feɗe riga kamar santimita uku ba tare da ka ji wa sillin ciki rauni ba. Warware murɗin, miƙar da su tsakanin babban yatsa da manuni har su kwanta kamar haƙoran mataji, ka yanke su a layi ɗaya, kada abin da ya rage a warware ya wuce milimita 13. Tura su har ka hango kawunan jan ƙarfen takwas sun taɓa gaban robar, rigar kuma ta shige ciki yadda haƙorin baya zai danne ta. Sannan ka matse da filaya sau ɗaya da ƙarfi. Kan da sillinsa ke leƙowa tsirara a baya, launuka a waje, ba zai daɗe ba.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: wayar kwali mai silli ƙwaya ɗaya ta bango ce, ba a yi ta don a riƙa lanƙwasa ta kullum ba. Kamata ya yi ta ƙare a soket na bango ta wannan gefe, da allon tara wayoyi ta gefen suwic, sannan a yi amfani da gajeriyar waya mai laushi ta kamfani zuwa kwamfuta. In ƙafar kujera ta taka ta ta lalace, sai a sauya gajeriyar kawai.

Har yanzu ana buƙatar waya mai juyayyen kai don haɗa kwamfuta biyu kai tsaye?

A'a. Na'urorin gigabit suna gane juna su juya da kansu.

Suwic ɗina gigabit ne, kwamfutata ma haka, amma tana nuna megabit 100. Me ya faru?

Megabit 100 silli huɗu kawai yake amfani da su, wato na 1, 2, 3 da 6. Gigabit kuwa sai duka takwas. Saboda haka in silli ɗaya daga cikin shuɗi ko ruwan ƙasa ya karye ko bai ciju ba, haɗin ba zai mutu ba, zai sauko 100 shiru ba tare da ya gaya wa kowa ba. Mutane sukan shekara a haka. Fara da sauya gajeriyar wayar, sannan a sa testa a ga ko akwai lambar da take tsallakewa, sannan a sake matse kai.

In waya lafiya take, duba abin da ke tsakani. Rautoci masu araha da yawa raminsu na 100 ne duk da manyan lambobin da ke jikin kwalinsu, waɗanda na Wi-Fi ne. Haka ɗan abin da ake soka wa laftof marar rami: in na USB 2.0 ne, iyakarsa megabit 480 a takarda, ba zai taɓa cika gigabit ba. A nemi na USB 3.0. Tsohon faifan ajiya mai juyawa shi ma yakan zama shi ne mai jan ƙafa.

Mene ne bambancin suwic da rauta? Wani kuma ya ce mini hob.

Hob tsohon yayi ne. Shi kamar mai shela yake: saƙon mutum ɗaya ne, amma sai ya kwarara wa unguwa duka, kuma in biyu suka yi magana tare sai muryoyin su yi karo, kowa ya yi shiru ya sake. Suwic kuwa ɗan aike ne da ya san ƙofar kowa. Kowace na'ura tana da lambar shaida ta bit 48 da ake ce wa MAC. Suwic yana lura da ramin da kowace lamba take fitowa, ya riƙe, daga nan saƙonta ita kaɗai yake kai wa. Ba a ƙera hob yanzu, in ka gan shi a tsohon ofis a cire shi.

Rauta ita ce ke tsaye a bakin ƙofa tsakanin netwok ɗinka da na waje. Ita ke raba adireshi, ita ke fitar da saƙo intanet ta dawo da amsa. Akwatin da kamfani ke kawo maka galibi abu uku ne a jiki ɗaya: rauta, ƙaramin suwic mai rami huɗu, da Wi-Fi. In ramukan sun kasa, sai ka sayi suwic mai rami 8 ko 16 ko 24 ka haɗa da waya ɗaya. Ka sayi wanda ya fi buƙatarka ta yau, domin firinta da kyamara suna nan tafe.

Fitila tana kamawa amma babu haɗi, adireshin kwamfutar ya fara da 169.254.

Wannan lamba kwamfuta ce ta ba kanta bayan ta nemi mai raba adireshi ba ta samu ba. Ma'ana waya tsakaninta da suwic lafiya, amma hanyar zuwa rauta a yanke take, ko rautar a kashe take, ko adiresoshin da aka ware sun ƙare. Adireshi mai lafiya a ƙananan wurare yawanci da 192.168 yake farawa. A kiyayi kuma sa rauta biyu suna raba adireshi a netwok ɗaya. In an ƙara ta biyu don Wi-Fi, a kashe mata wannan aikin.

Kwatsam komai ya tsaya, fitilun suwic duka suna ƙiftawa tare da sauri.

Nemi wayar da bakinta biyu suke cikin suwic ɗaya, ko suwic biyu da aka haɗa da waya biyu. Yakan faru in mai shara ko ɗalibi ya ga waya a ƙasa ya taimaka ya soke ta a ramin da ya gani. Saƙon da ake aika wa kowa sai ya shiga zagaye ba fita, yana ninkuwa har ya cinye hanyar. Zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ka zare mai laifin za ka ga fitilun sun lafa. Suwic masu tsada da ake iya saitawa suna da tsarin da ke toshe irin wannan da kansu.

Da gaske ne waya ɗaya tana kai wa kyamara wuta da saƙo tare?

Gaskiya ne, PoE ke nan. Ƙa'idar 2003 tana ba da wat 15.4 a kowane rami, ta 2009 wat 30, ta 2018 har wat 90. Amfaninsa a garin da wuta ba ta zama babba ne: ka sa suwic ɗaya a kan inbata, duk kyamarorinka da akwatunan Wi-Fi na silin sun samu wuta, ba sai an ja wa kowanne soket ba. Abu biyu za a duba. Na ɗaya, jimillar wat da suwic zai iya bayarwa, domin mai rami takwas ba lallai ya iya ciyar da takwas ɗin a cike ba, kuma kyamara ta fi jan wuta da dare in fitilunta na ganin duhu sun kama. Na biyu, akwai masu tura bolt 24 kai tsaye ba tare da tambayar na'ura ba, ba irin na ƙa'ida da ke tambaya kafin ya saki wuta ba. In aka soka su inda bai dace ba suna ƙona abu. Wayar alminiyam kuwa a nan ta fi nuna halinta, tana zafi, wutar tana raguwa kafin ta isa.

Makarantarmu gini uku ce. Za mu iya jan waya ta sama daga wannan zuwa wancan?

Ranka ya daɗe, kada a yi. Duk wanda ya yi damina a Zazzau ya san irin tsawar da ke zuwa da hadarin farko da na ƙarshe. Ba sai aradu ta faɗa kan wayar ba. In ta sauka kusa, doguwar wayar ƙarfe da ke rataye a sarari tana ɗaukar ƙarfin ta kai shi cikin suwic ta gefe biyu. Sau da yawa abin da ake tararwa da safe shi ne ramuka sun mutu a jere, wani lokaci har da allon kwamfuta. Ƙari a kan haka, gini biyu ba lallai ƙarfin lantarkin da ke kan wayar ƙasa ta kariyarsu ya zo daidai ba, musamman in ɗaya yana kan janareta ɗaya yana kan sola, sai wayar sadarwa ta zama hanyar da bambancin yake bi. Rigar wayar cikin ɗaki ma ba ta jure rana, takan farfashe ruwa ya shiga.

Tsakanin gini da gini faiba ce magani. Zaren gilashi ne, haske ke bi ta ciki, babu ƙarfen da wuta za ta bi. Iri biyu ce: mai faɗin ciki, wadda ke kai gigabit har mita 550, gigabit 10 kuma mita 300 a kan nau'inta da ake ce wa OM3, da mai siririn ciki, wadda ke tafiya kilomita 10 da na'urorin da aka saba samu. Ana sayar da ita da kawunanta a haɗe daga kamfani a tsayi daban-daban, sai a sa ƙaramin akwatin da ke juya haske zuwa waya a kowane gefe, ko a soka ta a ramin faiba na suwic da ake ce wa SFP. A binne ta cikin bututu, a yi alama a kan hanyar don masu haƙa. Kada a leƙa bakin faiba da ido, haskenta ba a ganinsa amma yana illa. Kada kuma a bar bakin a buɗe, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta rage sigina.

Me ke kashe kayan nan a yanayinmu?

Wuta ce kan gaba: dawowarta da ƙarfi, da lokacin juyawa zuwa janareta. Suwic da rauta ba sa cin wuta sosai, ƙaramin UPS ko inbata ya ishe su, kuma a tabbata ginin yana da ƙarfen ƙasa na gaske da aka kafa. Sai zafi: cikin silin ƙarƙashin kwano a watan Maris da Afrilu ba wurin ajiye suwic ba ne. Sai ƙurar hunturu da ke toshe fanka. A hure akwatin in sanyi ya wuce. Sai ɓera, wanda ke son rigar waya, shi ya sa ko a silin muke son bututu. Kada a haɗa wayar sadarwa da ta lantarki a bututu ɗaya. In dole su gamu, su gicciye juna. Kada a buga mata ƙusa mai matsewa har ta ɓaje, kada a karya ta a kwana.

Muna shirin buɗe cibiyar jarrabawa ta kwamfuta. Me ya bambanta ta da ƙaramin ofis?

Tun da hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita gaba ɗaya haka a 2015, wannan aiki ya yawaita a Zariya, garin da ɗalibai suka yi yawa. Zauren da ke ɗaukar mutum 250 da kwamfutocin ko-ta-kwana yana buƙatar suwic mai rami 48 kamar guda shida. Kada a jera su wannan cikin wancan kamar sarƙa, domin na ƙarshe zai sha wahala, kuma in na tsakiya ya mutu duk na bayansa sun tafi. Kowanne ya ja wayarsa kai tsaye zuwa babban suwic guda, saba ma a can za ta zauna.

Akwai tarko a wajen adireshi. Saitin da aka saba, 255.255.255.0, na'ura 254 kawai yake ɗauka. Kwamfuta 275 da saba sun wuce haka, sai ka ga na ƙarshen zaure sun kasa shiga ana ta zargin waya. A mayar da shi 255.255.254.0, wanda ke ɗaukar 510. Kowace waya a rubuta mata lamba a baki biyu daidai da lambar kujera. Ranar jarrabawa, yarinya tana zaune lokacinta yana tafiya, ba lokacin bin waya da hannu cikin ɗaruruwa ba ne. Sauran sharuɗɗa kuwa a karɓo su daga hukumar kai tsaye kafin a sayi komai, don sukan sabunta su.

Ina buƙatar gigabit 10?

Yawancin mutane a'a. Masu tace bidiyo da ke aiki kan ma'ajiya ɗaya, da hanyar da ke tsakanin manyan suwic, su ne masu buƙata. Akwai matsakaici da ya fito a 2016, gigabit 2.5 da 5, kuma 2.5 yana tafiya a kan Cat5e mai kyau da ke bangonka tuni.

Me zan nema daga mai aiki kafin in cika masa kuɗinsa?

Ya gwada kowace waya a gabanka, fitilu takwas a jere, ba wadda ya zaɓa ba. Ka zaga da laftof mai ramin gigabit ka soka a kowane soket ka ga ta nuna 1000. In akwai mai iyawa, a gwada da manhajar iperf3 tsakanin kwamfuta biyu, lafiyayyen gigabit yana ba da kusan megabit 940. Ya ba ka takarda mai nuna lambar kowane soket da ɗakin da yake da ramin da ya shiga a suwic, a manna kwafi a jikin akwatin. Ya miƙa maka sunan shiga da kalmar sirri na rauta da suwic, ka sauya su da hannunka. Ragowar wayar kwalin taka ce, ka karɓa ka yi mata gwajin reza ko da an riga an gama, ka ajiye ta don ranar da za a ƙara tebur.